Giɓi a bakin rago ba shi ne shekara ba

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na sayi ragon layya Balami, dillali ya rantse mini ya haura shekara. Da na kai shi gida na buɗe bakinsa sai na ga giɓi a tsakiyar haƙoran ƙasa, dasashin ya kumbura, ga shi ko harawa ba ya iya ci sosai. Maƙwabcina ya ce famfara yake yi, alamar ya kai. Hankalina bai kwanta ba, kuɗin da na tara ne duka na zuba. Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malam, Allah ya kyauta. Da gaskiyarka da ka damu.

Haƙoran gaba takwas ne, duk a ƙasa. Biyun tsakiya na nono sukan faɗi, na dindindin su fito tsakanin wata 12 zuwa 18. Biyu na gaba wajen shekara 2, na uku kusan shekara 3, baki ya cika wajen shekara 4. Daga nan sai dai a duba cinyewarsu, shi ma kintace ne: ragon da ke kiwo a tsakuwar Filato yana tauna yashi, haƙoransa sun fi saurin lalacewa a kan na turke mai cin dusa.

To ga maganar da ta ishe ni, wadda nake ji duk kakar layya: wai in ka ga giɓi, rago ya kai. Wa ya faɗa? Shaida ita ce sabon haƙori, mai faɗi, wanda ya ɗara na kusa da shi nesa ba kusa ba. Idan famfarar Allah ce, na ƙasa ne ke turo na nono, don haka za ka ga kansa ya leƙo, ko ka ji tsininsa da yatsa, dasashi kuma lafiya lau. Amma rami ja wur, da jini ya daskare a gefe, da yawu na dalala, da wari? Wannan aikin filaya ne. Ana kama ɗan rago mai wata bakwai ko takwas da aka ɗura wa dusa ya yi jiki, a fizge masa haƙora, a kawo kara, mu kuma mu ga ƙaho da ƙiba mu miƙa kuɗi. Balami dama ƙato ne tun yana ƙarami, shi ya sa aka fi yi da shi. Bai tsaya nan ba. Da bakin ya ruɓe sai a kira wani mai yawo da jaka yana kiran kansa likita, ya danna masa allurar oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, wadda ake son a jira mako uku zuwa huɗu kafin yanka. Kwana biyu a yanka, a raba wa marayu da maƙwabta, har da masu juna biyu. A ce da sunan ibada! Mu ji tsoron Allah, jama'a. Dabbar nan ma tana jin zafi.

Sai dai rashin sabon haƙori ba ya nufin rago bai shekara ba, wasu sukan makara, musamman in sun sha yunwa. Hukuncin layyar kuwa na malamai ne. A mazhabar Malikiyya ana son rago ya cika shekara ya shiga ta biyu.

Gobe da safe ka buɗe bakin a cikin haske ka taɓa ramin. In ba ka ji tsini ba, ka koma wurin dillalin tare da sarkin kara da shaidu tun Sallah ba ta ƙarato ba. Ka duba wuya da cinya ko akwai kumburin allura. Kafin nan ka riƙa wanke masa bakin da ruwan gishiri mai ɗumi, ka jiƙa masa dusa, kada kuma ka bari kowa ya yi masa allura sai likitan dabbobi ya gan shi.