Bashin cacar ɗa da dukiyar gida: amsa ga wata Hajiya a Tawa

Wasiƙar ta zo daga wata Hajiya a garin Tawa. Na cire duk abin da zai sa a gane gidan. Maigidanta ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar sarin albasa da ake lodi daga Galmi zuwa Akara da Abijan, da mangaza biyu na shinkafa da mai da sukari. Har yau ba a raba gado ba. Babban ɗanta mai shekara 27 ne ke riƙe da hatimin shago da daftarin bashi. A watan jiya asiri ya tonu cewa yaron ya daɗe yana caca, ta karta da daddare da kuma ta ƙwallo a waya. Yanzu masu bin bashi iri uku ke sallama a ƙofar gida. Abokan karta suna bin sa sefa miliyan 6. Wani mai ba da rance a wurin da ake kartar yana riƙe da takardar da yaron ya sa wa hannu, ya ba shi miliyan 4 amma yana neman miliyan 7 bayan wata biyar. Sai wani babban ɗan kasuwa da ya ba shi buhu 300 na shinkafa da sunan shago, yaron ya karyar da su ya zuba kuɗin a caca. Ƙanen marigayi ya ce Hajiya ta sa hannu ta ɗauki bashin duka a rufa asiri. Tana tambaya ko dole ne ta biya, kuma ko za a iya kama mangazar.

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ya jiƙan Alhaji. Kafin komai ina roƙonki kada ki sa hannu a kan kowace takarda, kada ki dangwala yatsa, kada kuma ki aika saƙon murya kina cewa "ni zan biya". Na san baffan yaran mutuncin gida yake dubawa, amma shawararsa ita ce za ta mayar da bashin mutum ɗaya ya zama na gida gaba ɗaya. Ɗanki baligi ne ta kowace fuska. Aya ta 1165 ta kundin dokar farar hula, wato Code civil da ake aiki da shi a Nijar, ta ce yarjejeniya waɗanda suka ƙulla ta kaɗai take ɗaurewa. Kasancewarki mahaifiyarsa ba ta sa ki zama mai lamuni ba. Dokar OHADA (ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar) kan lamuni da jingina, wadda aka sabunta a 2010, ta ce a ayarta ta 14 ba a ɗora wa mutum tsayawa wani bisa zato. Sai an rubuta, mai tsayawar ya sa hannu, ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya ɗauka da haruffa da lambobi. In bai iya rubutu ba, sai da shaidu biyu da za su tabbatar an bayyana masa nauyin abin da yake ɗauka. Abin da masu bin bashin ke nema a wurinki ke nan, domin sun san a yanzu ba su da shi.

Waɗannan basussuka uku ba ɗaya ba ne a gaban alƙali, shi ya sa ba na son a dunƙule su.

Na ƴan karta shi ne mafi rauni. Aya ta 1965 ta kundin dokar farar hula gajeriya ce: doka ba ta ba da damar kai ƙara a kan bashin caca ko biyan fare ba. Wanda ya ci ɗanki miliyan 6 a tabarmar karta ba shi da kotun da zai je ta karɓo masa. Aya ta 1966 ta ware wasannin ƙarfi da gwanintar jiki, irin tsere da sukuwar dawaki, karta kuwa ba ta ciki. Ko da sun sa shi ya rubuta takarda daga baya, asalin bashin bai sauya ba muddin aka tabbatar daga caca ya fito. Sai dai ki riƙe aya ta 1967 da kyau: abin da wanda aka ci ya biya da yardarsa ba ya dawowa, sai in an tabbatar an yi masa maguɗi ko damfara. Kuɗin da suka riga suka fita sun tafi, kuma duk jikkar da aka ƙara ba su yau don a kwantar da hankalinsu ita ma ta tafi. Haka ma abin da ya zuba a cacar waya ko a tikitin dawaki na PMU: nan take ake biya kafin a buga, don haka babu abin da za a nemo.

Na mai rancen ya fi buƙatar natsuwa, domin shi yana da takarda, kuma a takardar "rance" aka rubuta, babu kalmar caca. Yadda alƙalai ke duban irin wannan shi ne su tambayi ko wane ne ya ba da kuɗin, a ina, don me. In aboki ne can gefe ya ranta wa yaron kuɗi ba tare da hannunsa a wasan ba, wannan rance ne sahihi, yaron zai biya. In kuwa mutumin yana zaune a wurin, yana miƙa kuɗi a tsakiyar wasa don a ci gaba, yana da rabo a abin da ake tarawa ko shi ne mai ɗakin, to lauyan ɗanki zai kare shi da aya ta 1965 ɗin nan, ya ƙara da ayoyi na 1131 da 1133 da suka ce alkawarin da aka gina a kan dalilin da doka ta haramta ba shi da tasiri. Amma nauyin kawo hujja a kan ɗanki yake. Don haka ki karɓi wayarsa yau, kada ya goge komai. Saƙonnin WhatsApp, lokacin da aka yi kira, rasit na Nita ko Amana da ke nuna an turo kuɗi da ƙarfe biyu na dare, sunayen waɗanda ke wurin, duk a adana. Yaran da suka shiga wannan hali abu na farko da kunya ke sa su yi shi ne share waya, alhali a cikinta kariyarsu take.

Ko da alƙali ya ce rancen ya tsaya, miliyan 7 ba za ta tsaya ba. A ƙasashen UEMOA, wato na yammacin Afirka masu amfani da sefa, akwai iyakar kuɗin ruwa, kuma tun 2014 iyakar ga masu ba da rance da ba banki ba ita ce 24 cikin ɗari a shekara. Ki yi lissafi: miliyan 4 a wata biyar, ruwanta ba zai wuce jikka 400 ba, wato sefa dubu 400. Shi kuwa miliyan 3 ya ɗora. Wannan laifi ne da ake hukunta mai yin sa, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan mutane muryarsu na sauka da zarar lauya ya rubuta musu wannan lissafin.

Wanda ya fi damuna shi ne na shinkafa, kuma a nan ba zan ba ki labari mai daɗi ba. Ɗan kasuwar nan ba caca ya yi da ɗanki ba, kaya ya sayar wa shagon da ya saba hulɗa da shi. Yaron ne ke zuwa ɗaukar kaya tun bayan rasuwar Alhaji, hatimin shago ne a kan takardar, kuma a baya an biya irin wannan bashi ba gardama. Aya ta 1998 ta kundin dokar farar hula ta ɗora wa wanda ya wakilta nauyin abin da wakilinsa ya ƙulla cikin hurumin da aka ba shi. Ko da kin ce ba ki aike shi wannan karon ba, kotu na iya cewa duk mai hankali a matsayin ɗan kasuwar zai ɗauka da izini ya zo. Abin da yaron ya yi da kuɗin daga baya tsakaninku ne. Shawarata a biya wannan, ko a zauna da mutumin a tsara biya kashi-kashi a rubuce. Sana'arku a kan amana take tafiya: direban da ke ɗaukar albasa zuwa Akara, manomin Galmi da ke ba ku kaya kafin kuɗi, duk za su ji in kun ƙi biyan mai shinkafa. Amma a rubuta a takardar iyali cewa kuɗin buhu 300 ɗin daga rabon ɗanki za a cire, kada ƙannensa su ɗauki asarar.

Wannan ya kawo mu kan gadon da ba a raba ba, wanda a ganina shi ne babbar ƙofar da kika bari buɗe. Ɗanki magaji ne, yana da kaso a cikin mangazar da gidaje da jarin. Mai bin sa bashi na gaskiya da ya samu hukuncin kotu ba zai iya sayar da gida ko mangazar da ba a raba ba, amma aya ta 249 ta dokar OHADA kan karɓar bashi ta ba shi damar neman a yi rabon don ya kai ga kason wanda yake bi. Gara ku ku yi rabon da kanku, cikin natsuwa, kafin wani ya tilasta muku a lokacin da bai dace da kasuwa ba. A Nijar gado bisa al'adar mamaci ake raba shi, wanda a gidanku yana nufin rabon Musulunci: a fara da basussukan marigayi da wasiyyarsa, ke ki ɗauki tumuni tunda akwai ƴaƴa, a fitar da na iyayensa in suna raye, saura namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Bashin ɗa ba bashin mamaci ba ne, ba ya fita daga tsakiyar dukiya. Ku yi zaman iyali, a rubuta abin da aka cimma, a kai kotu ta tabbatar, a naɗa wakilin magada wanda ba shi ba. In kuna son sana'ar ta ci gaba a dunƙule, ku mayar da ita kamfani irin SARL, wanda alhakin kowa a cikinsa ke tsayawa a kan jarin da ya zuba, a yi masa rajistar kasuwanci, kowa da hannun jarinsa. Daga nan mai bin ɗanki bashi iyakarsa hannun jarin ɗanki, ba zai taɓa buhu ɗaya a cikin mangaza ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai aikin wannan mako. A karɓe hatimi da daftari da makullan mangaza. In yana da sa hannu a asusun banki, a je a cire shi a rubuce, a karɓi littafin cek ɗin da ke hannunsa a ƙirga ganyen da suka fita. Sannan a rubuta wa duk waɗanda kuke sarin kaya a wurinsu cewa daga ranar kaza wane ba ya wakiltar shago, kowa ya sa hannu ya karɓi tasa. Na san wannan ne zai fi yi miki ciwo, domin kamar shelar abin da ake ɓoyewa ne. Ba sai kin faɗi dalili ba. Amma in ba a yi ba, gobe ya ɗauko buhu 500 a wani wuri, maganar ɗazu ce za ta maimaitu.

Game da barazanar da kika ce ana yi, cewa za a zo a kwashe kaya ko a kai yaron komisariya: babu mai ikon kwashe kaya da hannunsa. Kama dukiya aikin wisiye ne, ma'aikacin shari'a, kuma bisa sharuɗɗan da doka ta gindaya. In wisiye ya zo, kada a yi masa gardama ko a rufe ƙofa. A karɓi takardar, a duba kwanan wata, a nuna masa takardun da ke tabbatar da cewa kayan ba na yaron ba ne, a kira lauya ranar. Akwai wata gajeriyar hanya da masu riƙe da takardar bashi ke bi, inda alƙali ke ba da umarnin biya ba tare da ya ji ta bakin wanda ake bi ba. Tun da sabuwar dokar OHADA ta fara aiki a Fabrairun 2024, kwana 10 kacal ake da su daga ranar da aka miƙa takardar don a shigar da ƙin amincewa. In suka wuce, duk kariyar da na lissafo miki tana iya zama a banza. Ki gaya wa masu gadi da yaran shago cewa duk takardar da aka kawo ta iso hannunki kafin magariba. Wanda kuma ya yi barazanar duka, ko ya ƙwace mota ko babur da ƙarfi, ko ya ce sai an biya zai yi shiru, shi ne ya taka doka, kuma za ki iya kai kuka gaban mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Tawa ko wurin jandarma.

In kin fi son sulhu, ba laifi, sarakunan gargajiya suna da hurumin sasantawa, kuma zaman da aka yi gaban mai unguwa ko sarki yakan kashe wutar da kotu ba ta kashewa. Sharaɗina biyu ne. Da sunan ɗanki za a yi, daga rabonsa, ke shaida ce kawai in ma kin halarta. Sannan kowa da takardarsa dabam, a rubuta cewa abin da aka biya ya rufe magana. Ƴan karta kuwa ban ga dalilin ba su ko dala ba. Kotu ba ta san bashinsu ba, kuma malamin da za ki tambaya zai karanta miki aya ta 90 a suratul Ma'ida.

Saura shi yaron. Wanda caca ta kama ba ya tsayawa don an biya masa, sau da yawa biyan ne ke buɗe masa sabon bashi, domin masu rance sun gane akwai mai biya a bayansa. In bayan rabon gado kin ga zai cinye kasonsa, fiƙihun Malikiyya ya san hana almubazzari taɓa dukiyarsa, kuma za a iya neman kotu ta sa masa mai kula, yadda ba zai ci bashi ko ya sayar da kadara shi kaɗai ba. Mataki ne mai nauyi, ana neman shaidu da hujjar ɓarnar, don haka ki ajiye kwafin duk takardun basussukan nan da na banki wuri ɗaya, ki kai wa lauyan da zai riƙe miki maganar tun kafin zaman iyali.