Malam, yaya ake gane jigon waƙar Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu na babbar sakandare. An ba mu aikin gida mu fitar da jigon waƙar "Piano and Drums" ta Gabriel Okara. Na rubuta "kiɗa", sai malaminmu ya soke da jan biro ya ce in sake. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminki ya yi daidai. Kiɗa kayan aiki ne kawai da mawaƙin ya ɗauko, jigo kuwa shi ne abin da yake son faɗa da wannan kiɗan.

Mun saba a rubutattun waƙoƙinmu na Hausa, bayan yabon Ubangiji da salati, mawaƙi kan fito fili ya ce ga abin da zai yi waƙa a kai. Mawaƙan Turanci ba kasafai suke wannan alfarma ba, sai kin tono da kanki.

To, sake karanta waƙar da ƙarfi, ki lura da inda yanayi ya juya. A farko mai magana yana bakin kogi da asuba, ya ji ganguna daga daji, ya ga damisa da mafarauta riƙe da masu. Jininsa ya motsa, ya tuna yarinta a cinyar mahaifiyarsa da rayuwa mai sauƙi. Sai ga sautin fiyano, yana kuka shi kaɗai, yana zancen ƙasashe masu nisa. Nan kalmomin ma suka yi tsauri, da yawansu na ilimin kiɗan Turawa ne, kuma da gangan ya yi hakan, don ke ma ki ji abin ya sha miki kai. A baitin ƙarshe ya tsaya a ruɗe tsakanin sautukan biyu.

Okara ɗan ƙabilar Ijo ne, an haife shi a 1921, ya yi karatun boko a zamanin Turawan mulkin mallaka. Sanin wannan yana taimakawa, amma hujjarki daga cikin waƙar za ta fito.

Saboda haka ki rubuta cikakkiyar jimla: mutumin da ya tashi cikin al'adar Afirka, ya kuma sha ta Turawa, ya rasa wadda zai kama. Sannan ki kawo ɗango biyu, ɗaya daga ɓangaren ganguna, ɗaya daga na fiyano, ki bayyana yadda suka nuna hakan. Kewar yarinta ma ƙaramin jigo ce, ki ba ta layi biyu.