Lis ɗin toshe IP a manhajar torrent: yana ɓoye mutum ko dai kwantar da hankali ne kawai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Dan Allah ina amfani da qBittorrent, manhajar sauke fayiloli ta hanyar torrent, a kwamfutata, sai wani abokina ya turo min wani fayil wai shi level1 ya ce in saka a saitin manhajar, wai in na saka ba wanda zai ƙara ganin abin da nake saukewa. Na saka kuwa, kuma tun daga ranar in na buɗe log, inda manhajar ke rubuta abin da take yi, sai in ga ana ta toshe lambobin IP, wato adireshin kwamfutoci a intanet, ba ƙaƙƙautawa, abin har ya ba ni tsoro, ashe dama haka mutane ke bibiyata? Sannan na lura gudun saukewa ya ragu, ko Debian, tsarin Linux na kyauta da na saba saukewa da wuri, yanzu yana jan ƙafa. Shin da gaske abin nan yana ɓoye ni, kuma in bar shi ko in cire? Na gode.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdulillah. Bari in fara da wadda ta fi muhimmanci tun kafin mu yi nisa: a'a, ba ya ɓoye ka, ko kaɗan. Abokinka ba ƙarya ya shirya maka ba, abin da aka daɗe ana yaɗawa ne ya ɗauko, amma aikin lis ɗin daban, ɓoye mutum daban.

Ka buɗe fayil ɗin da Notepad ka gani da idonka, ba wani sihiri a ciki, layuka ne kawai kowanne da suna da lambar farko da lambar ƙarshe, kamar a rubuta Wani kamfani:203.0.113.0-203.0.113.255, ma'ana duk lambobi 256 da ke tsakanin nan kar a kula su. Manhajarka tana karanta wannan ta riƙe a kai, duk lokacin da za ta haɗu da wata kwamfuta ko wata ta ƙwanƙwasa mata ƙofa sai ta duba, in lambar tana cikin lis ta ƙi, in ba ta ciki ta buɗe. Shi ke nan aikin. Mai gadi ne aka ba takardar sunayen waɗanda ba a so su shigo.

To ga inda gizo ke saƙar. Kafin ma a zo maganar waye zai shigo, kai da kanka ka riga ka kai sunanka wurin mai shela. Haka BitTorrent yake tun da Bram Cohen ya fito da shi a 2001, da zarar ka danna fara saukewa manhajarka za ta je wurin tiraka, wato sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu hidima a intanet) da na kira mai shela, ta ce ga lambata ga ƙofar da nake saurare ga fayil ɗin da nake nema, shi kuma tiraka aikinsa kenan duk wanda ya zo ya tambayi masu wannan fayil ya zayyano masa lambobinsu, ba ya tambayar waye kai ko me za ka yi da su, don in ya ɓoye su ma ba wanda zai samu abokin musaya tsarin ya mutu. Daga 2005 aka ƙaro DHT, inda kwamfutocin jama'a ne da kansu suke riƙe wa juna wannan rajista ba tare da saba guda ba, ga kuma PEX inda wanda ka haɗu da shi yake gaya wa wasu cewa akwai ka. Duk hanyoyin nan uku lambarka tana yawo a hannun wasu ne, lis ɗinka kuma a cikin kwamfutarka yake zaune, ba shi da iko a kan abin da tiraka zai faɗa wa wani. Mai son ya rubuta sunanka ba sai ya zo ƙofarka ba balle mai gadi ya kore shi, wurin mai shela zai je ya kwafa ya tafi.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada. A 2008 masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka sun shiga tarukan torrent da yawa, wato gungun masu musayar fayil ɗaya, ba su sauke komai ba ba su ɗora komai ba, amma suka samu ɗaruruwan takardun ƙorafin keta haƙƙin mallaka, har suka yi dabara suka sa aka rubuta lambar firintocin jami'ar a tiraka, firintocin ma aka turo musu takarda wai sun sauke fim. Kaga kenan masu sa idon a lokacin ko haɗuwa da mutum ba sa yi, abin da tiraka ya faɗa kawai suke kwafa. A 2012 kuma wasu a Jami'ar Birmingham ta Ingila suka nuna cewa akwai masu sa idon da suke haɗuwa da mutum kai tsaye, kuma in fayil ɗin cikin waɗanda ake rububi ne cikin 'yan sa'o'i an rubuta lambarka, sannan da suka gwada lis ɗin da jama'a ke amfani da su suka tarar akwai masu sa ido da ba sa ciki, akwai kuma bayin Allah da aka saka ba su ji ba su gani ba. Kuma in ka yi tunani ma ba sai an yi bincike ba: lis ɗin a fili yake, kowa zai iya saukewa, har da wanda aka yi shi dominsa. In ni ne kamfanin sa idon abu na farko da zan yi da safe shi ne in duba ko lambata ta shiga, in ta shiga in yi hayar wata saba a wani wuri ko in ja layin intanet irin na gida in ci gaba da aikina.

To me ya sa abin ya yi suna haka? Saboda akwai lokacin da ya ɗan yi ma'ana. A 2003 ne ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta fara maka ɗaiɗaikun mutane a kotu, zubin farko a watan Satumba mutum 261, lokacin hanyoyin musayar fayil irin su Kazaa da Gnutella da eMule ne ke tashe, kuma a shekarar ne PeerGuardian, manhajar toshe IP da irin wannan lis, ya fito. Kamfanoni irin su MediaSentry da MediaDefender suna aiki ne daga lambobin da za a iya gane su, wasu suna tattara sunaye wasu suna zuba fayilolin bogi don su ɓata wa mutane lokaci, sai 'yan sa kai irin na Bluetack suka riƙa tattara lambobin suna rarrabawa, nan ne aka samu level1 da level2 da level3 da edu da bogon da sauransu. Level1 ɗin da ke hannunka jikan wancan zamanin ne. PeerBlock da ya gaji PeerGuardian a 2009 shi ma rabonsa da sabon fitowa tun 1.2 a farkon 2014, amma har yau za ka ga ana cewa mutane su saka shi kamar jiya aka yi.

Yanzu ga maganar da ta ba ka tsoro, waɗanda kake gani a log. Kwantar da hankalinka, mafi yawansu mutane ne irinka. Lis irin wannan ba lamba ɗaya ɗaya yake toshewa ba, unguwa guda yake rufewa saboda gida ɗaya, wani lokacin kamfanin hayar saba gaba ɗaya, kuma lambobin IP ba gado ba ne da ke zama a hannun mutum har abada. Gaba ɗaya lambobin IPv4, wato tsohon tsarin lambobin IP, kusan biliyan 4.3 ne, babban rumbunsu ya ƙare rabawa a watan Fabrairun 2011, tun daga nan ake saye da sayar da su ana hayar su suna canza hannu, zangon da shekara goma sha biyar da suka wuce na wani kamfanin fim ne yau yana iya zama na kamfanin layin waya a wata nahiyar daban, shi kuma lis yana nan da tsohon suna. Na bogon ma ya fi ban dariya, asalinsa lambobin da ba a raba wa kowa ba ne, to in tsoho ne ai an daɗe da raba su. Ƙari a kan haka kamfanonin waya da yawa suna cusa dubban mutane a bayan lamba ɗaya, ka toshe ta ka toshe su duka. Don haka yawan layukan da ke gudu a log ba shaidar an kare ka ba ne, shaida ce kawai cewa lis ɗin yana da faɗi. Ni a ganina wannan log ɗin shi ne ya fi komai yaudarar mutane, mutum ya ga lambobi suna zuba ya ji kamar yana cikin sulke.

Kuma daga nan ne jan ƙafar Debian ɗinka ya fito. Su waye suka fi ɗora irin waɗannan fayiloli da gudu? Sabobin da ke cibiyoyin ajiyar bayanai da na jami'o'i da masu hayar sidbos (sabar haya da ke sauke wa mutum torrent ta kuma ɗora), wato dai daidai irin waɗanda lis ya fi son rufewa. Ka kori masu ƙarfi ka bar masu layin gida, dole gudu ya faɗi. In kuma ka yi kuskuren kunna Apply to trackers a saitin, wani lokacin tirakan kansa ne zai faɗa cikin lis sai ka ga torrent ya tsaya cak ba ka san dalili ba. Masu PeerBlock nasu ya fi muni don shi duk kwamfutar yake tacewa ba manhajar torrent kaɗai ba, sai shafukan intanet su ƙi buɗewa ko sabunta Windows ya maƙale ko VPN, hidimar da ke bi da intanet ɗinka ta sabar wani kamfani, ya ƙi haɗuwa, mutum ya yi ta zagin kamfanin layinsa alhali shi ya ɗaure kansa.

Wani zai ce to ai yana kare mutum daga masu turo gurɓataccen fayil. A zamanin Kazaa wannan hujja ce, amma a BitTorrent kowane gutsure na fayil yana da hatiminsa a cikin torrent ɗin, SHA-1 a tsohon tsari SHA-256 a sabo, in gutsure ya zo bai dace da hatimi ba manhajar za ta zubar ta nemo wani, kuma libtorrent, injin da manhajojin qBittorrent da Deluge ke tafiya a kansa, yana gano mai turo ɓarnar ya kore shi da kansa. Bairos kuwa in a cikin asalin fayil ɗin aka dasa shi, lafiyayyen hatimi zai zo da shi daga hannun mutanen kirki, lis ba ruwansa.

Ban ce ba shi da amfani sam ba fa. Yana da shi in ka san wanda kake korewa. Misali akwai manhajoji masu zuƙa ba sa mayarwa, an daɗe ana kuka da Xunlei a kan haka, akwai kuma kwamfutocin da za su liƙe maka su yi ta jan fayil ɗaya suna maimaitawa suna cinye maka layi, irin waɗannan ka danna dama a kansu a shafin Peers ka zaɓi korarsu har abada, ko ka rubuta ɗan ƙaramin lis naka na zangon da ka gani da idonka. Haka in kana da fayil da kake so ya zagaya tsakanin kwamfutocin ofis ko makaranta kawai, sai ka toshe duk duniya ka bar zangonku. Wannan aiki ne da tacewar IP ta iya sosai. Ga wanda kuma ya nace sai ya saka babban lis, aƙalla ya samo wanda ake sabuntawa kuma ya san inda ake sakawa: a qBittorrent yana Options sai Connection sai IP Filtering kuma yana karɓar dat da p2p da p2b, sai dai shi ba ya sabunta fayil ɗin da kansa kai za ka riƙa sauko da sabo, Transmission kuwa adireshin lis ɗin kake ba shi ya riƙa ɗaukowa duk mako, Deluge sai ka kunna ƙarin Blocklist, eMule da µTorrent kuma ipfilter.dat suke karantawa. Ka kuma sani yawancin tsofaffin lis ɗin nan IPv4 kawai suka sani, in layinka yana da IPv6, sabon tsarin lambobin, wannan ƙofar a buɗe take.

In abin da kake nema shi ne kar taron ya ga lambarka ta gaskiya, hanyar ita ce wata lamba ta tsaya a madadin taka, wato VPN ko sidbos, kuma ko VPN ɗin sai ka ɗaure manhajar a kansa, a qBittorrent ka shiga Advanced ka zaɓi katin VPN ɗin a Network interface yadda in ya yanke saukewa ma ta tsaya, in ba haka ba yana yankewa manhajar za ta koma layinka na asali ta kai sunanka wurin mai shela ba ka sani ba. Shi ma ba laya ba ce, ka ɗauke amana ne daga kamfanin layinka ka miƙa wa kamfanin VPN, su sun san ko kai waye. Encryption da ke cikin saitin da Anonymous mode kar sunansu ya ruɗe ka, na farko yana rufe abin da ke wucewa ne don kar kamfanin layi ya gane torrent ne cikin sauƙi, na biyu yana rage bayanan da manhajar ke faɗa game da kanta, amma duk wanda ka haɗu da shi yana ganin lambarka. Tor kuma, hanyar ɓoye lamba a intanet, masu shi da kansu tun 2010 suka ce kar a bi da BitTorrent ta cikinsa, yana yoyon lamba kuma yana danne musu hanya. Sannan gaskiya ɗaya ce, ba wani saiti da ke mayar da sauke kayan wani ba izini ya zama daidai a doka, a Jamus takardar lauya ake aiko wa mai layin da neman kuɗi, a Amurka kamfanin layi ne ke turo gargaɗi ƙarƙashin dokar DMCA ta 1998.

Kai da Debian kake saukewa ba ka da abin ɓoyewa tun farko, masu Debian da kansu suke raba shi ta torrent suna so a taya su ɗorawa. Ka cire alamar da ke kan Filter path ɗin, ka danna dama a kan torrent ɗin ka zaɓi Force reannounce don ya sake karɓo sunayen abokan musaya, ka ba shi minti biyu ka duba gudun. In bai dawo ba to matsalar ba daga lis ba ce, sai ka turo min abin da shafin Trackers yake nunawa da kuma ko alamar haɗi da ke ƙasan manhajar kore ce, don na fi zargin ƙofar da kake saurare a rufe take daga rauta, na'urar da ke raba maka intanet.