Magungunan tashin zuciya iri uku aka ba mahaifiyata, yaya ake shan su?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyata tana karɓar maganin ciwon daji, an rubuta mata ondansetron mai narkewa a baki, da wata ƙaramar ƙwaya prochlorperazine da aka ce a maƙale a dasashi, da kuma na cusawa ta dubura. Ita dai duk ƙwayar da ta gani sai ta kora da ruwa, wani lokaci kuma ta amayar. Ina kuskuren yake?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ke ma sannu da jinya. Cikin da ke tashi ba ya riƙe ƙwaya, shi ya sa aka nemo wa maganin wasu hanyoyin shiga jiki, kuma kowanne da tasa.

Mu fara da na dasashin, don a nan nake ganin matsalar take. Wannan ƙwaya mai miligiram 3 ta fatar baki take ratsawa ta shiga jini. A ɗaga leɓen sama, a tura ta can tsakaninsa da dasashi, a ƙyale ta. Za ta yi laushi ta manne, tana iya kai awa ɗaya zuwa biyu kafin ta ƙare. Ba a tauna ta, ba a tsotsa, ba a wasa da ita da harshe. Ya fi kyau a sa ta bayan an ci abinci. In aka haɗiye ta, hanta na cinye kaso mai yawa kafin ya kai inda ake buƙata.

Ondansetron mai narkewa kuwa labarinsa daban ne. A kan harshe ake ɗora shi, ya narke cikin daƙiƙoƙi, a haɗiye da miyau. Ta hanji yake shiga jini, don haka haɗiye shi da Mama ta yi bai ɓata shi ba; amfaninsa dai shi ne ba ya buƙatar ruwan da zai tayar mata da zuciya. Ki ɓare takardar bayansa da busasshen hannu, kada ki danno shi da yatsa yadda ake wa sauran ƙwayoyi, marmashewa yake yi. Kuma lokaci ya fi komai: kafin a fara ba ta maganin dajin ake shansa, a sa'ar da likitanta ya faɗa, ba sai amai ya kankama ba. Yana kawo taurin bayan gida da ciwon kai, sannan in tana da ciwon zuciya lallai likita ya sani, domin yana iya taɓa bugunta.

Na cusawa shi ne na ranar da ko ruwa ba ya zama. Mutane na jin nauyinsa, na sani, amma yana aiki. A wanke hannu, a cire shi daga leda, ta kwanta a gefe ɗaya ta naɗe ƙafar sama, a tura shi ciki sosai, ta ɗan jima a kwance. In ya yi laushi saboda zafi, a sa shi a firiji ya yi tauri tukuna. Sai dai ga mai karɓar maganin daji, ki tambayi likita kafin a yi amfani da shi a kowane zagayen maganin, don in ƙwayoyin jininta sun yi ƙasa akan hana sa komai ta dubura saboda gudun zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Maganar amayar da magani: kada ki maimaita da kanki, ki kira asibiti. Kowane magani da dokarsa. Metoclopramide misali, wani maganin tashin zuciya, sai an bar awa 6 tsakanin sha da sha ko da an amayar. Kada kuma a haɗa na dasashi da na cusawa lokaci guda sai an duba sunansu, don sau da yawa magani ɗaya ne a riga biyu.

In kika ga wuyanta ya sanƙare, harshe ko ido na juyawa da kansu, ko ta yi kwana guda ruwa bai zauna mata ba har fitsari ya ragu, a tafi asibiti a ranar.