Tambaya da Amsa: Sikirif ɗina yana aiki a Ubuntu amma ya ƙi tashi a FreeBSD

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a nan Jos, ina rubuta sikirif na shel da nake gwada kwamfutocin kwaikwayo na QEMU da su, a Ubuntu komai lafiya lau amma da na kai su FreeBSD da Mac sai suka tsaya cak, don Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Fara duba layin farko, in ka rubuta #!/bin/bash to a FreeBSD babu bash (shel ɗin da zai gudanar da sikirif ɗin) a wurin, in an saka shi ma yana /usr/local/bin ne, sai ka mayar da shi #!/usr/bin/env bash ya nemo shi da kansa. In kuma #!/bin/sh ka sa, ka sani tun 2006 dash ne (wani ƙaramin shel) a Ubuntu ba bash ba, rubutun bash irin [[ ]] ba zai yi ba sam.

Mac kuwa har yanzu bash 3.2 yake zuwa da shi, umarnin declare -A kuma sai a bash 4 zuwa sama yake aiki, nan mutane da yawa ke faɗawa. Sannan umarnin gyara fayil sed -i na GNU (wanda ke Ubuntu) daban, na BSD (wanda ke FreeBSD da Mac) daban, rubuta sed -i.bak duka biyun za su karɓa, daga baya ka goge .bak ɗin.

Wanda ya fi damuna gaskiya shi ne KVM, mai ƙara wa QEMU sauri, na Linux ne kawai, kar sikirif ya ɗauka yana ko'ina. Ya duba /dev/kvm tukuna, in babu ya koma TCG, wato kwaikwayon da QEMU ke yi da manhaja zalla, zai yi nawa amma gwajin zai gudana, a Mac kuma akwai hvf, takwaran KVM a can. Kafin ka tura, wuce da sikirif ɗin ta ShellCheck, manhajar da ke gano kurakuran sikirif na shel.