Amsar voice ɗin Mma Hajiya kan ɗanta dokta

Salamu alaikum jama'ar gida. Mma Hajiya ina kwana. Na ji saƙonki tun jiya da dare, ina kol ne, wato aikin kwana a asibiti, shi ya sa sai yanzu, ku yi haƙuri da hayaniya, ina cikin trotro zan koma Aboabo.

Kin ce ɗanki tunda ya shiga karatun ƙwarewa ya daina kira, in ya zo gida sai ya shige ɗaki, abinci ma ya ture, har wasu na cewa girman kai ne, wasu kuma wai hannu aka sa masa. Mma wallahi ni ban ga girman kai a nan ba. Na bi hanyar nan, na san ta.

Mutum ya yi shekara 6 a makarantar likita, hausmanshif, wato aikin koyo a asibiti, shekara 2, sannan wannan karatun shekara 3 kafin jarrabawar Kwalejin Likitoci ta Gana, in yana son hawa gaba a ƙara wasu 2. Kuma ba zaman aji ba ne fa, aiki ne cur. Ka shiga ƙarfe 8 na safe ka kwana a tsaye, gari ya waye a zaga wod, babba ya tsare ka da tambayoyi gaban majinyata da nas-nas, sai la'asar ka fito, sannan a ce je ka buɗe littafi. Ga momo kuma, tura kuɗi ta waya, yau suna gobe aure jibi kuɗin makaranta, ai "muna da dokta a gida".

Ni a shekarata ta biyu wata mata ta rasu a hannuna da asuba, jini ne ya ɓalle mata bayan haihuwa. Na wanke hannu na kira ta gaba. Ko sannu ba wanda ya ce min. Daga nan kullum ƙarfe 3 na dare idona biyu, ƙirji na dukan uku-uku, waya ta yi ƙara cikina ya ɗuri ruwa. Wakye da nake bala'in so sai in saya in manta shi a leda har ya yi tsami. Kuma ni ce fa mai rubuta wa mutane maganin ciwon! Amma na yi gum, kar a ce raguwa ce.

Gajiya daban ce, in ka samu barci ta sake ka. Amma in abu ya wuce sati 2, rai a dagule, abin da mutum ke so ya fita ransa, ba ci ba barci, to wannan difreshan ne, ciwo ne kamar hawan jini kuma yana da magani. Sai dai ba farasitamol ba ne, yakan ɗau sati 2 zuwa 4 ko fiye kafin a ga sauƙi, kar a ce bai yi ba a watsar. Addu'a a ci gaba, ba ta hana zuwa asibiti.

Roƙona Mma, kar ki tara masa kawunnai a zauna a kansa. Tuƙa tuwon zafi ki kai masa, ki zauna ko bai ce uffan ba. In ya sake jiki ki tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa, na san da nauyi a baki, amma tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin daga laifin da ake kai mutum kotu, don haka ba ruwan ɗan sanda. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai, ranar za a kai shi asibiti.

Kuma ba sai asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ba da mutane ke jin suna su firgita, asibitin Komfo Anokye ma akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Na san zai ce abokan aiki za su gan shi, to zan haɗa shi da wata ƙawata da ba wurinsu ɗaya ba. Turo min lambarsa ni kaɗai, kuma don Allah jama'a kar a tura maganar nan wani guruf. Met, tsaya nan, zan sauka!