Amsa: Yaushe aka fara buga wa yara littattafai masu hotuna?

Malama, kin tambayi lokacin da Turawa suka fara yi wa yara littafi mai hotuna. Galibi akan fara ƙirge daga littafin Orbis Pictus na wani malami mai suna Comenius, wanda aka buga a Nuremberg ta Jamus a 1658, amma shi na makaranta ne.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne A Little Pretty Pocket-Book na John Newbery, wani mai buga littattafai a Landan, wanda ya fito a 1744, domin ya yarda yaro ya yi wasa yana koyon tarbiyya. Ga zanen wasa, ga 'yar waƙa, sai nasiha a ƙasa. A lokacin, wajen sayar da littafin akan haɗa wa namiji da ƙwallo, mace da ɗan matashin allura, gefe ja, gefe baƙi. In yaro ya kyauta, a soka allura a jan. In ya yi ɓarna, a baƙin.